Babi na Bakwai: Lambobin da ke Ƙasa da Sifili da Yadda Ake Nuna Wuri da Lambobi Biyu

Yaran da ke ƙaramar sakandare a nan Legas sukan dawo gida da aikin lissafi mai ɗauke da rubutu irin su −4 ko (3, −2). Iyayensu kuwa, waɗanda da yawansu suke juya dubban nairori kullum a Agege ko Mile 12 ba tare da sun riƙe biro ba, sai su ɗauka wani ilimi ne da ya fi ƙarfinsu. Alhali duk wanda ya taɓa karɓar kaya bashi ya riga ya san rabin wannan darasi, abin da ya rage masa shi ne sanin yadda ake rubuta shi. Kafin a fara, kowane ɗalibi ya tanadi fensir da rula da littafin lissafi mai gidaje-gidaje.

Layin lambobi

A ja layi miƙaƙƙe a kwance, a ɗiga aya a tsakiyarsa a rubuta 0. Daga sifilin nan zuwa hannun dama a rubuta 1, 2, 3, 4, 5, kowace lamba a bakin gida guda. Daga sifilin zuwa hannun hagu kuma a sake rubuta su, amma kowace da alamar ragi a gabanta: −1, −2, −3, −4, −5. Lambobin dama su ne abin da mutum ya mallaka, na hagu su ne abin da ake binsa, sifili kuwa shi ne matsayin wanda ba shi da ko kwabo kuma ba mai binsa ko kwabo.

Mu ɗauki misalin mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12. Yana da naira 30,000 a aljihu, sai ya karɓi kaya na naira 50,000 daga hannun dillali, ya ba da abin da ke hannunsa, aka rubuta masa saura. Idan kowane gida a layinmu yana wakiltar naira dubu goma, to mutumin ya tashi daga 3, ya yi taki biyar zuwa hagu, ya ratsa sifili ya tsaya a −2. A rubuce: 3 − 5 = −2. Washegari ya yi cinikin naira 40,000, sai ya yi taki huɗu zuwa dama, biyu na farko suka biya dillali, biyu na ƙarshe suka zama nasa: −2 + 4 = 2. Ƙari tafiya ce zuwa dama, ragi tafiya ce zuwa hagu, kuma wannan ƙa'ida ba ta sauyawa ko daga wane ɓangaren sifili aka tashi.

Inda ɗalibai suka fi yin tuntuɓe, manya da yara, shi ne wajen kwatanta lambobin hagu. Idan aka tambaya tsakanin −5 da −2 wacce ta fi girma, baki yakan riga tunani ya ce −5, domin ido ya saba ganin biyar ta fi biyu. To, a tambayi kai: wanda ake bin dubu hamsin da wanda ake bin dubu ashirin, wa ya fi kusa da samun kansa? Na biyun ne. Saboda haka −2 ta fi −5, kuma a kan layi duk lambar da ke dama ta fi wadda ke hagunta. Abin da ya fi yawa a −5 shi ne nisanta daga sifili, wato nauyin bashin, kuma nisa ba ya ɗaukar alamar ragi: nisan −5 daga sifili taki biyar ne, daidai da nisan 5.

Akwai kuma wani rubutu da ke rikita mutane, inda alamar ragi take zuwa sau biyu a jere, kamar −2 − (−1). Ma'anarsa an ɗebe bashi daga cikin bashi. A ce tun kafin a biya shi, dillalin nan ya ga albasar ta soma ruɓewa a hanya, sai ya yafe dubu goma daga cikin dubu ashirin ɗin da yake bi. Ko sisi bai shiga aljihun mai albasa ba, amma matsayinsa ya matsa taki ɗaya zuwa dama, daga −2 zuwa −1, tamkar an ba shi dubu goma. Shi ya sa littattafai suke cewa ɗebe lambar da ke ƙasa da sifili daidai yake da ƙari. Wannan fassara ta dukiya da bashi tsohuwa ce ƙwarai, domin da ita masanin lissafin nan na Indiya, Brahmagupta, ya bayyana ƙa'idojin waɗannan lambobi a shekara ta 628.

Ba kuɗi kaɗai ake aunawa a kan layi ba. Wanda ya saba bin titin Ikorodu zai iya ɗaukar Ojota a matsayin sifili, ya ƙirga manyan tashoshi: Ketu 1, Mile 12 kuma 2 ta ɓangaren Ikorodu, sannan Maryland −1, Anthony −2, Obanikoro −3 ta ɓangaren cikin gari. Fasinjan da ya hau mota a Mile 12 ya sauka a tasha ta biyar ya yi lissafin 2 − 5 = −3, wato Obanikoro. Sai dai a kula, tazarar da ke tsakanin waɗannan tashoshi ba ɗaya ba ce, a layin lambobi kuwa dole kowane taki ya yi daidai da ɗan'uwansa.

Layi biyu masu gicciye

Layi ɗaya yana isa ga wanda ke tafiya gaba da baya a kan titi guda. Amma wanda yake son ya nuna wuri a fili, kamar rumfa a tsakiyar kasuwa, yana bukatar lambobi biyu. A buɗe sabon shafi, a ja layin lambobi a kwance kamar na farko, sannan a ja wani a tsaye ya gitta shi daidai kan sifili. A layin tsaye, lambobin da ke sama da mahaɗar su ne 1, 2, 3, na ƙasa kuma −1, −2, −3. A littattafan makaranta ana yi wa layin kwance laƙabi da harafin x, na tsaye kuma da harafin y. Ana danganta wannan tsari ga Bafaranshen nan René Descartes, wanda ya wallafa aikinsa a kan haɗa lissafi da zane a shekarar 1637.

Kowace aya a shafin tana da adireshi mai lambobi biyu a cikin baka. Ta farko tana faɗin taki nawa za a yi dama ko hagu, ta biyu tana faɗin taki nawa za a yi sama ko ƙasa, kuma kullum daga mahaɗa ake tashi, wadda adireshinta shi ne (0, 0). Don a sami (3, 2), a ɗora bakin fensir a mahaɗa, a ƙirga gida uku zuwa dama, daga nan a hau gida biyu, a ɗiga aya. Yanzu a nemi (2, 3): gida biyu dama, gida uku sama. Ayoyin biyu ba su faɗa wuri guda ba, ko da yake lambobinsu iri ɗaya ne. A ganina wannan ita ce gaɓar da ya kamata malami ya fi daɗewa a kai, domin ɗalibin da ya saba fara ƙirga ta sama zai yi ta samun amsa a karkace ba tare da ya gane inda matsalar take ba. A kwance ake farawa, sannan a tsaye.

Layukan biyu sun raba shafin gida huɗu, kuma alamomin lambobi kaɗai sun isa su nuna inda aya take tun kafin a ƙirga. Aya (−3, 2) tana hagu ta sama, (−3, −2) tana hagu ta ƙasa, (3, −2) kuma tana dama ta ƙasa. Idan ɗaya daga cikin lambobin sifili ce, ayar tana kan layi ne: (4, 0) tana kan na kwance, (0, −1) tana kan na tsaye.

Taswirar da ke cikin wayar salula, wadda masu kai saƙo a babur suke bi, a kan wannan tsari aka gina ta. Layinta na kwance shi ne Ikwaita, wanda ya raba duniya kudu da arewa, na tsaye kuma shi ne layin Girinwic, wanda ya taso ta Landan ya ratsa Tema a ƙasar Gana. Sun haɗu ne a cikin tekun Atilantika, kudu da Gana. A taswira da digiri ake ƙirga taki daga waɗannan layukan, ba da gida ba: Legas tana kusan digiri 6.5 arewa da digiri 3.4 gabas, Kano tana kusan 12 arewa da 8.5 gabas, Makka kuwa kusan 21.4 arewa da 39.8 gabas. Wanda ya ɗebe lambobin Legas daga na Makka zai ga tazarar gabas ta ninka ta arewa fiye da sau biyu, abin da ya yi daidai da yadda alƙibla take a masallatan Legas, gabas da ɗan karkata arewa. Garuruwan da ke yamma da layin Girinwic suna ɗaukar alamar ragi, kamar Dakar da ke wajen −17.4. Ga wani abu da ya bambanta da na aji: masu taswira suna fara rubuta lambar arewa ko kudu, sannan ta gabas ko yamma.

Aikin aji

A zana layukan biyu a sabon shafi, a ɗiga ayoyi uku: (−3, 2), (4, 2) da (4, −1). Waɗannan kusurwoyi uku ne na wani fili mai kusurwa huɗu da aka yanka don kafa rumfa, kuma kowane gida yana wakiltar mita ɗaya. A nemo adireshin kusurwa ta huɗu, sannan a ƙirga tsawon filin da faɗinsa. Wajen auna tsawo daga −3 zuwa 4, a tuna cewa akwai taki uku kafin a kai sifili, da wasu huɗu bayansa. Daga nan a lissafa mita nawa na waya za a saya don kewaye filin duka. Wanda ya gama ya musanya littafi da na kusa da shi, kowa ya bi ayoyin ɗan'uwansa da bakin fensir tun daga mahaɗa, yana faɗin ƙirgar da ƙarfi.