Yadda Ake Karanta Panchang, Kalandar Yau da Kullum ta Mabiya Hindu

A gidajen mabiya addinin Hindu da dama ba a sa ranar biki ko buɗe sabon shago sai an duba panchang, ko na takarda ko na waya. Abubuwa 5 yake nunawa kowace rana: vara, tithi, nakshatra, yoga da karana.

Kafin komai, duba garin da aka yi lissafin dominsa. A wurinsu yini yana kamawa ne daga fitowar rana, ba daga magariba kamar lissafin Hijira ba. Indiya agogo ɗaya take bi, amma rana tana riga fitowa a Kolkata da kusan awa guda kafin Mumbai. In ka ɗauki na wani gari, lokutan duk za su kauce maka.

Vara ranar mako ce, ba wata wahala. Wuce zuwa tithi, don nan ne aikin yake. Tithi shi ne lokacin da wata ke ɗauka ya ƙara tazarar digiri 12 tsakaninsa da rana. Guda 30 ne a wata: 15 na hasken farin wata zuwa cikarsa, wato Purnima, 15 na duhu zuwa ɓatansa, wato Amavasya. Tafiyar wata ba ta da gudu ɗaya, shi ya sa wani tithin bai kai awa 20 ba, wani ya haura 26. Lokacin da aka rubuta a gabansa na ƙarewarsa ne. Wanda fitowar rana ta riska, galibi shi ne na wannan yinin, don haka wani lokaci a tsallake lamba, wani lokaci a maimaita ta.

Daga nan sai ka tantance tsarin watan. A arewacin Indiya wata yana ƙarewa da Purnima, a kudu da jihohin Gujarat da Maharashtra kuwa da Amavasya. Daren Diwali, babban bikinsu na fitilu da ke faɗowa a Amavasya, ɗaya ne, amma ɗan Delhi zai ce cikin watan Kartik ya faɗo, ɗan Mumbai ya ce ƙarshen Ashwin ne.

Nakshatra masaukin wata ne cikin taurari, guda 27. Wanda ya san manazil na malaman hisabi zai gane abin nan take. Yoga, wato lissafin haɗa matsayin rana da na wata, shi ma 27 ne, karana kuma rabin tithi. Waɗannan biyun, a ganina, mai koyo ya bar wa masu sana'ar.

Na ƙarshe, ban da waɗannan 5, akwai Rahu Kalam, lokacin da suka yi imani bai dace a fara sabon abu a cikinsa ba. Kasa tsawon yini, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, kashi 8. Litinin kashi na 2, Asabar na 3, Juma'a na 4, Laraba na 5, Alhamis na 6, Talata na 7, Lahadi na 8. Idan rana ta fito ƙarfe 7:00 ta faɗi 5:40, kowane kashi minti 80 ne, ka ga na Litinin zai kama daga 8:20 zuwa 9:40 na safe.