Shawara ga masu tsohuwar Hilux ta gazuwal, kan wanke anjakter

Salamu alaikum 'yan uwa. Wanda motarsa ke baƙin hayaƙi, da safe sai ka yi ta murza kile kafin ta tashi, kar ka yi saurin cewa pompon gazuwal ne, hwara duba anjakter, wato masu fesa gazuwal cikin injin. Ƙurar hunturun nan ta Maraɗi da gazuwal ɗin bakin hanya mai ruwa su ke cinye su.

In ka kwance, kowace ka sa ta gwangwaninta daban, don allurar da ke cikin anjakter da bakin da take zama ciki tare aka wasa su tun masana'anta, in ka musanya ka ɓata biyu. Ni na taɓa zuba huɗu cikin kwano guda, wallahi sai da na sai sabbi. Ka jiƙa su cikin gazuwal mai tsabta, ka goge baƙin da burushin tagulla, banda sanfefa banda wayar ƙarfe. In ka gama ka jawo allurar kamar kashi ɗaya cikin 3, ka karkata bakin anjakter ɗin, ka saki allurar, in ta sulale da kanta lafiya lau, in ta maƙale ko ta yi shuɗi-shuɗi na zafi, canza ta kawai.

Sannan a kai wajen mai pompon gwaji, ya ga feshin ya fita kamar hazo ba ɗiga ba, da 'yan wasa, wato zobban ƙarfe siraran nan na kan sifirin da ke cikinta, ake daidaita ƙarfinta. Don Allah kar yaron garaji ya tara hannu gaban feshin, ƙarfin matsinsa ya wuce bar 100, huda fata yake. Wasan tagulla na mazauninta kuma sabo za ka sa, ka haɗa da filtar gazuwal.