Yadda Ake Kwashe Rumbun Jarida Zuwa Sabon Tsari Ba Tare da Lanƙwasa Ta Salwanta Ba

Kafin a taɓa komai, a kwafi tsohon rumbun, wato ma'ajiyar labaran jaridar a kwamfuta, gaba ɗaya sau uku, a ajiye kwafi ɗaya a wajen ginin jaridar. Sannan a gwada buɗe kwafin a wata kwamfuta daban, don a tabbatar yana buɗuwa.

Inda jaridar Hausa ta fi shan wahala shi ne baƙaƙe masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Tsofaffin rumbunan MySQL (manhajar adana bayanai) da yawa a kan tsarin adana haruffa na latin1 aka gina su, shi kuwa ba shi da gurbin waɗannan baƙaƙe. Sabon rumbu dole ya zama utf8mb4, tsarin da ke ɗaukar waɗannan baƙaƙe, tun daga teburi har zuwa layin da ke haɗa shi da shafin intanet.

Ɓarnar iri uku ce, kowacce da maganinta. In aka ga "Æ™asa" a madadin "ƙasa", ko "É—aya" a madadin "ɗaya", rubutun lafiya lau yake, karatunsa aka yi da tsarin da ba nasa ba, kuma ana iya dawo da shi. In aka ga "}asa", "]aya" ko "~angare", wannan gadon tsofaffin salon rubutu ne na kafin Unicode (tsarin haruffa na bai-ɗaya na duniya) ya yaɗu, lokacin da ake aron maɓallan baka a ɗora musu lanƙwasa. A nan sai a rubuta ƙaramar manhaja ta musanya su, amma a yi hattara, kada ta cinye ainihin alamomin baka da ke cikin labari. Ta ukun ita ce mai ciwo: alamar tambaya a gurbin baƙi. Wannan ya riga ya tafi, sai dai a koma ga bugun takarda.

Kada a kwashe komai rana ɗaya. A fara da labarai 500 daga shekaru daban-daban, editan da ya san Hausa ya zauna ya karanta su da idonsa.

Sai batun bincike. Yawancin masu karatu a waya suke, kuma "kasa" za su rubuta ko da "ƙasa" suke nufi. Don haka kowane labari ya samu gurbi na biyu, ɓoyayye, mai rubutu marar lanƙwasa, wanda injin bincike kaɗai zai riƙa dubawa. A wannan gurbi ne za a haɗe 'y ta Najeriya da ƴ ta Nijar, domin mai neman 'yan kasuwa daga Maraɗi ya tarar da abin da na Kano ya tarar.

Kanu, sunan marubuci, ranar bugawa, sashe da bayanin hoto, kowanne gurbinsa daban. Rana a rubuta ta shekara, wata, kwana, kamar 2024-03-09.

Tsofaffin bugu na takarda, irin na Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a Zariya a 1939, a ɗauki hotonsu da ƙarfin ɗigo 300 a kowane inci, a adana asalin a tsarin hoto na TIFF. Manhajar da ke karanta rubutu daga hoto takan mayar da ƙ zuwa k, saboda haka kanun labarai aƙalla a gyara su da hannu.

Ranar sauya sheƙa, kowane tsohon adireshin labari a ɗaura masa turawar 301, wato umarnin da ke kai mai karatu kai tsaye zuwa sabonsa, in ba haka ba duk mahaɗan da aka yaɗa a Facebook da WhatsApp sun mutu. A yi aikin da tsakar dare, janareta na kunne, kuma a bar tsohon rumbun a buɗe don karatu kawai har wata guda.