Digiri na Biyu a Birtaniya: Kurakuran da Suka Fi Kayar da Ɗalibanmu

Mastas a Birtaniya shekara ɗaya ce cur. Ana farawa wajen ƙarshen Satumba, a yi zango biyu na darussa, sannan daga Yuni zuwa Satumba a bar ka da kundin bincike, wanda shi kaɗai yake ɗauke da kashi ɗaya cikin uku na digirin. Wanda ya fito daga jami'ar da yajin aikin ASUU kan ja mastas har shekara uku yakan sauka da tunanin akwai lokaci. Babu. Kafin ya gama sanin lambar bas da shagon naman halal, ranar miƙa aikin farko ta ƙarato.

Kuskuren da ya fi tsada ana tafka shi ne tun a gida. Dokar biza ta ce sai kuɗin makaranta da na zama sun kwana 28 a jere a asusu. Sai mutum ya aro, su cika kwanakin, a buga takardar banki, ya mayar wa masu shi, ya hau jirgi da niyyar aiki zai biya sauran. Lissafin ba ya fita, domin awa 20 a mako da biza ta yarda ɗalibi ya yi aiki da ƙyar take ɗaukar haya da cefane. Wasu kuma suna da kuɗin na gaske, amma suka bar shi a naira. Da darajar naira ta zube bayan watan Yunin 2023, abin da suka tanada ya kasa kaiwa. A watan Mayun 2024 labari ya fito cewa Jami'ar Teesside ta dakatar da wasu ɗaliban Najeriya da suka kasa biya a kan lokaci, ta kai sunayensu Ma'aikatar Cikin Gida, aka ce su bar ƙasar. In kuɗinka ya samu, ka canja shi zuwa fam da wuri. In ka hango za ka gaza, ka rubuta wa ofishin kuɗi imel tun ranar biya ba ta zo ba, ka nemi a raba maka biyan kashi-kashi. Bayan an rufe maka shafin karatu, magana ta yi nauyi.

Ita kanta awa 20 ɗin mutane na yi mata gurguwar fahimta. Ana ƙirga ta ne daga Litinin zuwa Lahadi, kowane mako da nasa. Ba za ka yi 30 a wannan mako ka ce za ka rama da 10 a mako mai zuwa ba. Watannin rubuta kundi kuma a yawancin jami'o'i lokacin karatu ne ga ɗan mastas, ko da 'yan digirin farko sun tafi hutu. Sana'ar kai, wato yin aiki ba a ƙarƙashin kowa ba, ita ma haramun ce a wannan biza, kuma kai abinci da keke ta manhajar waya yakan faɗa cikinta. Kada ka ɗauki fatawa daga zauren WhatsApp. Kowace jami'a tana da ofishin ba ɗaliban waje shawara, kyauta.

A fagen karatun, abin da ya fi ba mu wuya shi ne salon rubutu. Da yawanmu mun taso a tsarin da ɗalibin kirki shi ne wanda ya haddace abin da malam ya faɗa ya mayar masa. A can, in ka jera abin da masana biyar suka ce ka yi shiru, da ƙyar ka wuce 50, wato mafi ƙarancin makin ci. Mai dubawa yana son ya ga inda masanan suka saɓa, wanda hujjarsa ta fi ƙarfi, da dalilin da binciken da aka yi a Landan ba lallai ya dace da Gusau ba. Sukar farfesa da hujja ba rashin kunya ba ce, ita ake ba maki. Kuma kada 65 ta ɓata maka rai: daga 60 sakamako ne mai kyau, 70 kuwa matakin ƙoli ne.

Satar rubutu ita ce ramin da ya fi zurfi. Kusan duk aikin da ka miƙa sai ya bi ta Turnitin, manhajar da ke kwatanta shi da rubuce-rubucen wasu. Sauya kalma biyu-uku a jimlar wani ba ya mai da ita taka, kuma ko aikinka ne na baya ka sake miƙawa ba tare da ambato ba, laifi ne. Tun 2022 doka ta hana sana'ar rubuta wa ɗalibai aiki don kuɗi a Ingila, amma masu yin ta suna nan suna turo saƙo, wasunsu ma in ka biya sai su koma yi maka barazanar tona asiri. ChatGPT kuwa kowane sashe da ƙa'idarsa, ka karanta taka. Kuma ChatGPT ɗin yakan ƙirƙiro sunayen littattafan da ba a taɓa rubutawa ba.

Sai malamin da ke duba kundinka. Ba zai neme ka ba. Zai ce ka kira shi da sunansa na yanka, abin da ke yi wa Bahaushe nauyi a baki, amma wannan sakin fuska ba ya ƙara maka ko minti ɗaya a kan 'yan awannin da aka ware maka. Ɗalibinmu yakan ɓuya wata guda wai sai ya haɗa abin da ba zai ji kunyar nunawa ba, ya dawo a Agusta ya tarar malam ya tafi hutu. Tura masa shafi uku marasa kyau tun da wuri ya fi babi cikakke a makare. Bayan kowace ganawa ka rubuta masa abin da kuka tsayar. In bincikenka ya shafi tambayar mutane, ko da 'yan kasuwar Kantin Kwari ne ta waya, kada ka tambayi kowa sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince. Bayanan da aka tara kafin izini ana iya watsar da su.

Kawaici ma yana cutarwa. A Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu, mutum yana ɗaki shi kaɗai, sai ga labarin rasuwa daga gida. Ya yi haƙuri, ya shiga jarrabawa a haka, ya faɗi. Alhali akwai fom na uzuri da ake cikewa a ɗaga maka rana, amma yana da wa'adi kuma ana son shaida. Shi ya sa yin rajista da likitan unguwa a makon farko yake da amfani; ai ka riga ka biya kuɗin lafiya, fam 776 a shekara, tare da biza.

Faɗuwa darasi ɗaya tana iya jawo abin da ya fi maimaici. Bizar zama neman aiki bayan kammalawa ba a neman ta sai jami'a ta sanar da hukuma cewa ka ci, kuma dole kana cikin ƙasar, bizarka ta ɗalibi ba ta ƙare ba. Wata huɗu kawai ake ƙara wa mai kwas na shekara ɗaya a bizarsa bayan kwas ya ƙare. In maimaici ya tura sakamakonka bayan wannan wa'adi, damar na iya kuɓucewa, don haka ranar da ka ga ka faɗi, ka je ofishin biza na jami'a a duba maka kwanakin.