Kakin da ya ƙi daskarewa: kurakuran da ake yi da garin ajiye zafi a Katsina

Duk wanda ya taɓa ajiye man kwakwa a ɗaki ya san halinsa: da hunturu sai an sa cokali an kwakulo shi, da bazara kuwa ruwa ne tsululu. A wajen digiri 24 yake narkewa. Abin da ido ba ya gani shi ne, lokacin da yake narkewa yana shanye zafi mai yawa ba tare da shi kansa ya ƙara ɗumi ba, in ya zo daskarewa kuma sai ya amayar da zafin. Wannan hali ne masana suka kama a kayan da suke kira PCM, wato abubuwa irin su kaki masu shanye zafi in suna narkewa, su sake shi in suna daskarewa. Da yake narkakken abu kwarara yake yi, sai aka yi dabarar raba kakin ɗigo-ɗigo, a rufe kowane ɗigo da kwanson roba, ƙanƙanen da bai kai kaurin gashin kai ba. Gari ne, in ka gan shi a buhu sai ka rantse filawa ce. Ana cakuɗa shi da filasta, allon silin, fenti ko yadi.

Ina son fasahar nan, shi ya sa nake jin ciwo in na ga an kashe kuɗi a kanta an tashi a tutar babu.

Babban kuskuren yana wajen zaɓen digirin narkewa. Yawancin garin da ake sayarwa don gini an yi shi ne domin gidajen Turai, yana narkewa a digiri 23 ko 26. Kawo shi Katsina a watan Afrilu, rana ta haura 40, ɗakin bulo mai rufin kwano kuma har asuba bai huce ba. Kakin zai narke ranar farko, ya zauna a narke har damina ta sauka. Tulun da ya cika ba ya karɓar wani ruwa. Wani ɗalibi ya taɓa kawo mini sakamakon gwajinsa yana cewa, "Malam, kayan nan jabu ne." Kayan lafiyarsu ƙalau, dare ɗaya ne ba su samu sun daskare ba.

Gyaran ba ya da tsada. Kafin ka sayi ko da cokali ɗaya, rataya ma'aunin zafi a daidai inda za a shafa kayan, ka riƙa rubuta abin da ya nuna da azahar da kuma da asuba har mako biyu, a lokacin da zafi ya fi tsanani. Digirin narkewa dole ya faɗo tsakanin waɗannan biyu, ya ɗara na asuba da 'yan digirori. Kakin oktadiken yana narkewa a wajen 28, na aikosen a wajen 36, kuma ƙarƙashin kwano na biyun ne ya fi dacewa. Sannan a bar wa iskar dare hanya. Wanda ya shafa kayan ya kulle tagogi saboda sauro, ya toshe ƙofar da zafin zai fita. Raga ake sawa a bar taga a buɗe. A kuma sani cewa kakin da aka zaɓa don bazara barci zai yi a Disamba da Janairu, domin da wuya ya narke.

Sai masu ɗaukarsa a matsayin na'urar sanyaya ɗaki. Ba ya ƙirƙirar sanyi, jinkirta zafi yake yi, kamar yadda kaurin katangar ƙasa ke yi a tsofaffin soraye na cikin birni. Mu yi lissafi. Kilo ɗaya na tsantsar oktadiken na riƙe zafi kusan kilojul 240 (kilojul ma'aunin yawan zafi ne), ƙanƙara kuwa 334. Amma kwanson ba ya ajiye komai, don haka busasshen garin kan faɗo ƙasa da haka, wani har zuwa wajen 110. Kilo 30 na irin wannan ya ba ka kilojul 3,300, wato bai cika yunit ɗaya na lantarki ba, wanda yake 3,600. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya za ta kwashe wannan zafin cikin kamar minti ashirin. Amfaninsa shi ne ya rage kaifin zafin la'asar, kuma sai in an riga an yi silin, an sa inuwa a katangar yamma. Wanda ya yi lissafi da alkaluman tsantsar kaki ya ruɗi kansa tun a takarda.

Wajen kwaɓi ma ana ɓarna. Magini ya saba zuba komai a injin kwaɓa siminti lokaci guda, yashi kuwa niƙe kwanson yake yi. Alamar ita ce maiƙo ya fito a bango, fenti ya ƙi kamawa. Na ce wa wani dattijon magini, "Baba, a gama kwaɓin tukuna, sannan a barbaɗa garin a juya a hankali." Ya ce, "To Injiniya, kamar zuba kuka a miya ke nan." Haka ne kuwa. Garin yana shan ruwa, yana kuma rage ƙarfin kankare, saboda haka kada ya je kusa da fila, linta ko dakin na kankare. Filasta da silin ne wurinsa, kuma a shafa shi siriri a faɗi mai yawa, domin zafi ba ya ratsa kaki da sauri. In ya yi kauri, cikinsa ba zai narke ba har rana ta faɗi. Kaki na cin wuta, a nisanta shi da kicin.

Akwai masu cewa ai kyandir ma kaki ne, ga shi da arha a Babbar Kasuwa. Kakin kyandir sai ya haura digiri 50 yake narkewa, bangon ɗakin kwana ba zai kai nan ba. Inda zai yi rana shi ne na'urar busar da tumatir da tattasai mai aiki da hasken rana, ya ci gaba da ba da ɗumi bayan magariba.

Masu gudun tsadar kaki su koma ga gishiri mai ruwa a jiki su tuna da masaniyar kimiyya Mária Telkes. A 1948 ta ɗumama wani gida a Dover ta jihar Masacusets a Amurka da gishirin Glauber, mai narkewa a digiri 32. Bayan 'yan shekaru gishirin ya rabu da ruwansa ya kwanta a ƙasa, gwangwanayen suka yi tsatsa suka fara yoyo. Saboda haka duk kayan da za ka saya, nemi takardar da ke nuna sau nawa aka narkar da shi aka daskarar kafin ƙarfinsa ya ragu, da kuma digirin da yake daskarewa, domin ƙananan ɗigo kan sauka ƙasa da digirin narkewarsu da tazara kafin su yarda su sandare. A daren Afrilu na Katsina, tazarar digiri uku ta isa ta hana kakin daskarewa.