Yadda Ake Haɗa Motsa Jiki da Tsintar Shara a Hanya

A shekarar 2016 wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Erik Ahlström, wanda ya baro garin Åre ya koma Stockholm, babban birnin ƙasar, ya ga sharar da ke zube a hanyar da yake bi kullum ta ishe shi, sai ya fara tara mutane suna fita gudun sassarfa da jaka a hannu, suna tsince abin da aka yar. Ya raɗa wa abin suna plogga, wato ya haɗa kalmomi biyu na harshensu, ɗaya mai nufin ɗauka daga ƙasa, ɗaya mai nufin sassarfa. Cikin shekara biyu al'adar ta bazu ƙasashe da dama, har ta kai a 2021 aka fara gasar duniya a kanta a Italiya. Abin ba ya cin kuɗi, ba ya kuma buƙatar horo na musamman, amma wanda zai gwada shi a Kano ko Maraɗi sai ya yi shirin da mutumin Stockholm bai damu da shi ba, domin can mai tsinta yana da kwandon shara a kusa da shi, nan kuwa mutum zai iya cika buhu ya rasa inda zai sauke shi.

Saboda haka shirin yana farawa ne daga ƙarshen hanya. Kafin mutum ya ɗaura takalmi, ya kamata ya san wurin da buhunsa zai ƙare: ko dai matattarar sharar da motar hukuma ke kwashewa, ko bolar unguwa da aka amince a zuba, ko mai kurar da ke zagayawa yana karɓar shara a gidaje. Idan ya gano wurin, sai ya tsara hanyarsa ta yadda za ta ƙare a nan ko kusa da nan. Wanda ya tsince ledoji ɗari ya jingine buhun a gindin bishiya ya tafi, kafin azahar awaki sun farke shi, iska ta mayar da kowace leda inda ta fito. Ƙona sharar ma ba mafita ba ce, ko da yake ita ce dabarar da ta fi zuwa wa mutane a rai, domin hayaƙin leda da roba yana cutar da huhu, kuma babu ma'ana mutum ya fito neman lafiya ya koma gida da ƙirji cike da hayaƙi.

Kayan aikin kaɗan ne. Ana buƙatar safar hannu mai kauri irin ta magina, wadda ƙusa ko fasasshiyar kwalba ba za ta huda cikin sauƙi ba, da rufaffen takalmi mai ƙwarin ƙasa, domin silifa ba ta wannan aiki. Tsohon buhun shinkafa ko na taki ya fi baƙar leda nesa ba kusa ba, saboda ba ya yagewa, ana wanke shi a sake amfani da shi, kuma ba a ƙara wata leda a kan ledojin da aka fito tsincewa. A lokacin hunturu, sa'ad da ƙura ke tashi da zarar an taɓa busasshiyar shara, takunkumi yana da amfani. Dattijo ko mai ciwon baya zai iya buga ƙusa a kan sanda ya riƙa soke leda da takarda ba tare da ya sunkuya ba.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar asuba idan gari ya fara wayewa, yadda ido zai ga abin da hannu zai taɓa, kuma kafin motoci da masu Adaidaita Sahu su cika titi. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a yawancin ƙasar Hausa, wanda ya bari hantsi ya yi masa a hanya ya ɗora wa kansa wahala. A bi gefen titin da ke fuskantar motoci masu tahowa, kuma kada a tsallaka babban titi saboda an hango robar ruwa guda ɗaya a ɗaya ɓangaren.

Sai batun jiki, wanda a nan ne masu farawa suka fi yin kuskure. Yawancinsu sukan lanƙwasa gadon baya su miƙa hannu ƙasa ƙafafu a miƙe, kuma idan aka yi haka sau sittin a safiya ɗaya, washegari ƙugu ne zai yi magana. Abin da ya dace shi ne mutum ya rage gudu idan ya kusa abin da zai ɗauka, ya tsaya, ya lanƙwasa gwiwoyi ya tsuguna baya a miƙe, ya ɗauka, sannan ya miƙe da ƙarfin cinyoyinsa. Wata hanyar ita ce ya jefa ƙafa ɗaya gaba ya sauke gwiwar baya kusa da ƙasa, ya riƙa canza ƙafa a kowane karo. Wannan tsugunawa da miƙewa ita ce ribar da mai tsinta ke samu fiye da mai gudu zalla, domin tana aikata cinya da ɗuwawu da tsokar ciki. Buhun ma ya riƙa sauya hannu duk bayan ƴan mintoci don kada kafaɗa ɗaya ta ɗauke nauyin duka.

A ganina ba hikima ba ce mutum ya tsaya wa kowace leda. A titunanmu, inda ledar ruwa da ta alewa da katin waya ke shimfiɗe kusan kowane taku, wanda ya ce sai ya tsince komai ba zai wuce layinsu ba, kuma motsa jikin ya tashi daga aiki. Gara ya raba fitar rabin sa'a gida uku: minti goma na farko ya yi sassarfa ko tafiya mai sauri buhu a naɗe har jiki ya ɗumama, minti goma sha biyar na tsakiya ya tsince wani yanki ƙayyadadde, misali daga wannan fal ɗin wuta zuwa na biyar a gabansa, sauran lokacin kuma ya taka da sauri zuwa inda zai zubar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar baligi ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, kuma fita biyar ta rabin sa'a ta cika wannan adadi, ko da biyu ne kawai daga ciki aka fita da buhu.

Idan lokaci ya yi kaɗan, a fara da abin da ya fi ɓarna. Leda da robar lemo da ke bakin magudanar ruwa su ne kan gaba, domin su ne ruwan farko na damina ke turawa cikin kwata su toshe ta, ruwa ya kwanta a layi ko ya shiga gidaje, sauro ya samu wurin haihuwa. Ledar da ke inda dabbobi ke kiwo ita ma abin hanzari ce, kuma duk mahaucin da ya daɗe a sana'a ya sha ciro dunƙulen leda daga tumbin akuya ko saniya. Guntun taba sigari, ƙanƙantarsa ta sa ana raina shi, alhali matatar da ke gindinsa wani nau'in roba ce da ke daɗewa ba ta ruɓe ba.

Akwai kuma abin da ba a taɓawa ko da safa a hannu. Allura da sirinji da reza da audugar da ta sha jini da mushen dabba duk a bar su, a sanar da mai unguwa ko ma'aikatan tsafta idan suna wurin da yara ke wasa. Baƙar ledar da aka ƙulle bakinta aka jefar a bayan katanga, kowa ya san abin da ake yawan samu a ciki, don haka ba a buɗe ta. Kada a cusa hannu ƙarƙashin dutse ko tsohuwar taya ko cikin ciyawa mai duhu, saboda kunama da maciji. A fara ture abin da takalmi ko sanda. Idan tsatsattsen ƙarfe ko kwalba ta yanki mutum, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, ya je asibiti a duba ko yana buƙatar allurar tetanus, kada ya tsaya jiran ya ga yadda ciwon zai kasance. Takardar da ke ɗauke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah kuwa, wadda iska kan kwaso daga makarantu, a ware mata aljihu daban kamar yadda aka saba, ba a haɗa ta da sauran tarkace.

Rarraba abin da aka tsinto yana rage nauyin da za a kai bola. Gwangwanin lemo da guntayen ƙarfe da robobin ruwa suna da masu saye a kan kilo, kuma ƴan gwangwan da masu tsintar roba da wannan suke ci. Abin da ya fi kyau shi ne a take robar da ƙafa ta lotse, a tara ta gefe guda, a miƙa musu kyauta. Lotsewar tana da amfani biyu: tana rage cika buhu, tana kuma hana robar da aka ciro daga kwata komawa kasuwa a zuba mata zoɓo ko kunun aya.

Abin da ya fi hana mutane wannan aiki ba gajiya ba ce, idon jama'a ne. Magidanci da kayan motsa jiki yana tsugunawa a bakin titi yana cusa leda a buhu, dole mai shayi ya bi shi da kallo, wani ma ya ce, “Alhaji, lafiya kuwa?” Amsa gajeriya cikin fara'a ta wadatar, kuma ba a tsayawa yi wa wanda aka ga ya yar da leda wa'azi, domin daga nan ake samun cacar baki. Fita mutum uku ko huɗu tana rage wannan nauyi ƙwarai, musamman ga mata, sannan tana ba da damar raba aiki, ɗaya ya riƙe buhun roba da gwangwani, ɗaya na sauran shara. A Kano, safiyar Asabar ta ƙarshen wata da ake tsaftar muhalli lokaci ne mai kyau na gwajin farko a cikin unguwa, tunda motoci sun ragu kuma ba wanda zai yi mamakin ganin mutum da buhu. Idan wurin filin makaranta ne ko harabar ma'aikata, a nemi izinin masu gadi tukuna.

Da an dawo gida, a cire safar daga wuyan hannu ana juya cikinta waje, a wanke ta tare da buhun a shanya a rana, a bar takalmin a ƙofar ɗaki, sannan a wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu kafin a taɓa abinci ko a ɗauki yaro.