Yadda na gyara alewar lemun tsami da ta ƙi bushewa

Sau uku ina dafa alewar lemun tsami a cikin damina, sau ukun tana min danƙo. Da yamma ta yi kyau a faranti, kafin gari ya waye ta manne da juna, tana tsatsafo da ruwa. Abin ya ci min rai, don sukari ba arha ba ne.

Kuskurena biyu ne. Ina matse lemun gaba ɗaya tun farkon dahuwa, ashe tsami idan ya daɗe a wuta tare da sukari yana farfasa shi, sai alewar ta riƙa jan laimar iska. Sannan ina saurin saukewa.

Yanzu kofi 2 na sukari nake zubawa da rabin kofin ruwa, da ɗigon lemu kaɗan kawai don kada sukarin ya koma tsaki-tsaki. Da ya narke na daina juyawa. Ina jira sai ya kai digiri 150 a ma'aunin Salshiyas. In babu ma'auni, a ɗiga kaɗan cikin ruwan sanyi: in ya zama zare mai karyewa ƙas kamar gilashi, ya yi, in ya lanƙwashe, da saura.

Bayan na sauke ne nake zuba ƙaramin cokali ɗaya na garin tsamin lemu (wanda ake kira citric acid da Turanci) da gogaggen ɓawon lemun, domin ƙamshin a ɓawo yake. Na juye a tiren da na shafa wa mai, na yanka tun da ɗumi, na barbaɗa garin sukari, na rufe a kwalba mai murfi gam. Ta kwana goma ba ta manne ba.